Fuskar Habi a Kan Dakuwar Dija

Duk Gangara babu wanda bai san Habi da daddawar batso ba. Sana'ar uwarta ce, ta kakarta ce, kuma da ita ta riƙe gida bayan rasuwar mijinta. Ita ke sheƙe gurguzu da hannunta, ta wanke, ta wuni tana dafa shi da ruwan toka, ta rufe a tukunya har ya ruɓa yadda take so, sannan ta zuba a turmi. Warin ya kama zanenta, ya kama tafin hannunta, ba ta kuma taɓa jin kunyarsa ba. In wata ta toshe hanci a ƙofar gidanta sai ta ce mata, "Toshe da kyau, anjima ke za ki aiko."

Dakuwar aya kuwa ta Dija ce, maƙwabciyarta, wadda katanga ɗaya ta raba su tun suna amare. A garin nan mace ba ta tsallaka sana'ar wata. Ba maigari ya kafa ba, ba malam ya faɗa ba, haka aka tashi aka gani. Mai yaji tana yajinta, mai faifai tana faifanta, kuma in ƴan talla suka ɗaga murya sunan mai abin suke kira: ga dakuwar Dija, ga daddawar Habi. Wadda ta ɗauki sana'ar wata ta ɗora wa kanta, sunanta ɓarauniya, ko da ba ta taɓa ɗaukar allurar kowa ba.

Ana nan sai ga Zaharaddini, ɗan ƙaninta Labo. A ɗakinta aka yaye shi, a gadonta ya yi fitsarin kwance har ya shiga lakol, wato makarantar boko. Yanzu ya zama mutum, da gemu da mata, yana zaune Maraɗi. Ya zo bayan an gama girbi da wata magana: zai buɗe kasuwa cikin waya. Shafi ne, in ji shi, wanda duk mai salula zai buɗe daga Yamai ko Agadas ko Legas, ya ga kayan matan Gangara, ya zaɓa, a sa masa a mota.

"Goggo, ni ba za su saurare ni ba," ya ce. "Amma ke in kin yi magana, an gama."

Gaskiya ya faɗa. Habi ta ɗaura zane ta shiga gida gida. Ta je wajen Saliha mai yaji, ta je wajen Suwaiba mai faifai da tabarmi, ta je wajen masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da masu kuka. Wadda ta yi gardama sai Habi ta dafa ƙirji ta ce, "Ɗana ne. Ni na goya shi. In ya cuce ku ni ku kama." A kan wannan maganar mata suka fito da kayansu. Zaharaddini ya wuni yana ɗaukar hoto, ya ɗauki tulin yaji, ya ɗauki faifai, ya ɗauki tiren Dija, ya ɗauki Habi tsaye gaban turminta da taɓarya a sama, tana dariya don ya ce mata wai za ta fi ƴan fim suna. Ya loda kaya ya tafi.

Shiru, shiru. Watanni suka shige. Aka sayi ɗan yaji, aka sayi faifai biyu ko uku, sai kuma shiru. Mata suka fara tambaya a bakin rijiya, Habi tana ba su haƙuri da bakin da bai saba ba da haƙuri ba.

Rannan da hantsi sai ga shi a bayan wata ƴar mota, da kayan mutane. Ya sauke su a tsakar gidanta. Tabarmin Suwaiba gara ta taɓa gefe, yajin Saliha ya sha iska ya mutu, mai ya fara ɗaci. Daddawarta ma ga ta nan cikin buhu, an naɗe ta da leda har uku.

"Mi ke nan, Ɗan Labo?"

Ya zauna a kan turmin da ke kife, ya cire hula ya riƙe. Ya ce ya je wani horo a Maraɗi, mushen da ke koyarwa ya buɗe shafinsa gaban mutane ya yi dariya. Ya ce masa wannan ba shafi ba ne, bola ce. Wanda ya shigo neman yaji sai ya ci karo da tabarma, ya rasa ma me ake sayarwa, ya fita. A zaɓi abu ɗaya, a san mutanen da ake sayar wa, a tsaya a kansa har duk wanda ya tuna abin ya tuna da kai.

"To wanga sai an je Maraɗi? Mu nan mi muke yi?"

"Kin gani ke nan, Goggo, ke ma kin yarda."

Ya shiga lissafa mata yadda ya yi tunani. Tabarma ta yi girma, kuɗin mota ya fi nata. Yaji kowa yana sayarwa, daga nan har Damagaram. Mai yana tsiyaya a hanya. Daddawa kuwa, nan ya sunkuyar da kai, direbobi sun ƙi ɗauka, wani ma ya sauke buhun a tasha ya ce fasinja sun yi masa bore. Saura dakuwa. Ba ta da nauyi, ba ta wari, tana jure kwanaki, ga ƙasar nan daga Agye har Gazawa ƙasar aya ce. Ƴan ci-rani da ke Libiya da Aljeriya, da matan ma'aikata a Yamai, su ne ke kewarta. Dakuwa kaɗai zai sayar, ta Dija.

Habi ta daɗe tana kallon buhunta. Abin ya yi mata zafi, amma ba ta ga ƙarya a ciki ba. Dija ce za ta samu, Dija kuwa tata ce. Ta ce, "To. Tashi mu mayar wa mutane kayansu, ka faɗa musu da bakinka."

"Goggo, mota na jirana. Ke kin fi ni iya magana da su."

Ya tafi ya bar ta da tulin kaya. Ita ta ɗauka a kai, ita ta shiga gidajen, ita ta sha kallo. Saliha ta buɗe yajinta ta shinshina, ta ce, "Na gode, Yaya Habi," irin godiyar da ta fi zagi ciwo. Suwaiba kuwa ta shimfiɗa tabarmar a rana inda duk mai wucewa zai ga cin garar. Habi ta haɗiye. Ta ce a ranta kasuwa ce, wata rana za a manta.

Sai dai wani abu ya fara damunta. Dija ta daina leƙowa ta kan katanga. Da can kafin rana ta ɗaga sun gaisa, sun yi tsegumin wanda ya kamata. Yanzu turmin Dija ba ya hutawa, ta ɗauki mata biyu suna taya ta suyar aya, amma in suka haɗu a hanya sai ta ja mayafi ta rufe idonta mai hakiya, ta gaisa a gurguje ta wuce. Habi ta ce aiki ne ya yi mata yawa.

Lokacin zaɓe ya zo, gari ya cika da hotunan ƴan takara, a bango, a itace, har a jikin amalanke. Cikin wannan hayaniya aka yi suna a gidan liman, mata suka taru maƙil. Cikin baƙi akwai wata matashiya, Hamdiya, matar ɗan liman da ke aiki a Yamai. Habi na shigowa da sallama, yarinyar ta miƙe tsaye ta tafa hannu.

"Lah! Kaka Mai Dakuwa! Wallahi ke ce!"

Mata suka juyo gaba ɗaya.

"Wa kike kira haka, ɗiyar nan?"

"Ke mana, Kaka. Ai mu a Yamai ba mu cin ta kowa sai taki." Ta buɗe jaka da murnarta ta fito da leda, ga dakuwa a jere a ciki, ga takarda a manne. A kan takardar ga Habi, da taɓarya a sama, da tsagarta a kumatu, tana dariya. An yanke hoton daidai bakin turmi, yadda ba mai ganin cewa gurguzu ne a ciki. Hamdiya ta latsa waya ta miƙo, ga ta nan kuma, babba, ta cika gilashin.

"Mi aka rubuta a ƙasa?" Habi ta tambaya. Muryarta ta sauka, waɗanda suka san ta suka gyara zama.

Yarinyar ta karanta, tana karantawa tana rage murya don ta fara ganin fuskokin mutane. Wai Kaka Habi ta Gangara ta gaji dakuwa daga kakanninta. Wai tun tana ƙarama take dakawa, kuma ita kaɗai ta san sirrin haɗin.

Saliha ce ta fara. Ba ta ko ɗaga murya ba, ta juya wajen ta kusa da ita ta ce, "Ashe shi ya sa aka dawo mana da namu." Suwaiba ta ce, "An tara mu a yi tsani da mu." Wata daga baya ta ce, "Har Dija, maƙwabciyarta. Kai, duniya." Habi ta waiga neman Dija. Tana can gefen murhu, ta duƙa a kan tukunya, ba ta ɗago ba.

A nan Habi ta fahimci abin da take ganin ta fahimta. Dija ta ga ledar tun tuni, ta ɗauka ƙawarta ce ta sace mata suna, ta kasa faɗa don kunya. Wannan ya fi komai ƙona mata rai. Ta ajiye kwanon barka, ta fita ba ta ci komai ba.

Ta sa aka kira mata Zaharaddini. Ya ɗauka, da ya ji zancen sai ya ce rezo ba kyau, ba ya jin ta sosai. Aka sake kira, ya ce yana buro, wajen aiki. Aka sake, waya a kashe. Ta tafi wajen ubansa, Labo ya ce, "Yaya, yaran zamani ne, a bi a hankali." Ta ce masa, "Kai ma a hankali aka bi ka shi ya sa ka zama haka." Daga nan ba ta tsaya ko'ina ba sai ƙofar Maigari Baƙo. Ta ce ta kawo ƙarar ɗanta, kuma ba za ta koma gida ta dafa gurguzu ba sai an kira shi. Maigari ya san ta. Ya sa aka gaya wa Labo cewa in ɗansa bai zo ran kasuwa ba, kada motar dakuwa ta sake tsayawa a garin.

Ran kasuwa rumfar maigari ta cika. Maza a gaba, mata sun yi layi a jikin katanga, har waɗanda ba a kira ba. Habi ta sa aka kira Dija musamman, ta zaunar da ita kusa da ita, don ita ma an zalunce ta, ta ji da kunnenta. Zaharaddini ya zo da shadda mai sitati, ya durƙusa.

"Allah ya ba ka nasara," in ji Habi, "ga shi nan. Ka tambaye shi ranar da ya gan ni ina soya aya."

Maigari ya dube shi. "Ka ji goggonka."

"Ranka ya daɗe, ni alheri na nufa. Yanzu Goggo har Aljeriya an san fuskarta."

"Na ce maka miji nake nema a Aljeriya?"

Maza suka yi ƙasa da kai suna danne dariya. Ita ko murmushi ba ta yi ba.

"Ko takarar depite na tsaya in shiga majalisa, da za ka manna ni a leda? Waɗancan da ke jikin bango ma sai da aka tambaye su. Ni ka tambaye ni? Ka zo gidana, ka zauna a kan turmina, ka yi mini lissafin direbobi da fasinja, na yarda. Na ɗauki kayan mutane a kaina na mayar, na sha zagin da kai ya kamata ka sha. A lokacin hoton nan yana cikin wayarka ko ba ya ciki?"

Ya waiga wajen ubansa Labo da ke zaune cikin maza. Habi ta sake tambaya.

"Yana ciki ko ba ya ciki?"

"Yana ciki."

Mata suka yi guna-guni. Maigari ya ɗaga hannu, ya ce ya faɗi dalili. Zaharaddini ya share gumi, ya ce mushe ya gaya musu zaɓen abu ɗaya bai isa ba, sai an ba shi fuska da labari. Mai saye a birni ba dakuwa kaɗai yake saye ba, yana son ya ga tsohuwa irin kakarsa, da turmi, da tsaga. Cikin duk hotunan da ya ɗauka na Goggo ne ya fi fitowa. Tun da ya sa shi kuma oda ba ta yanke ba.

"To mai dakuwar ba ta da fuska?" Habi ta dafa kafaɗar Dija. "Ga ta nan. Ita ke ƙona hannu a kasko. Ka sace mata suna ka ɗora mini, ka sa ta daina gaishe ni, ka sa gari na kirana ɓarauniya. Dija, buɗe baki. Faɗa musu yadda kika ji ranar da kika ga ledar nan."

 Dija ta ja mayafi, ta yi magana ƙasa ƙasa har sai da maigari ya ce ta ɗaga.

"Na sani tun farko."

"Kin san mi?"

"Ni ya fara tambaya a sa hotona. Na ce ba za a kai idon nan nawa duniya ana kallo ba. Ya ce to sai an samu wata. Na ce..." Ta tsaya. "Na ce ya sa na Yaya Habi, tunda ita ba ta duba waya."

Habi ta ɗauke hannunta a hankali, ta ɗora a cinyarta. 

"Tunda ba na duba waya," ta maimaita.

"Yaya, ki yi mini rai. Na ɗauka can nesa za a kai, ba mai gani a nan. Kullum ina son in faɗa miki, in na zo bakin katanga sai in kasa." Ta fara kuka. "Ki dubi Allah ki bar shi yadda yake. In aka cire, ba a saye. Ni zan bi gida gida in ce da yardata aka yi, ba ki saci komai ba."

"Da yardarki." Habi ta juyo ta dube ta sosai, abin da ta daɗe ba ta samu yi ba. "Fuskar tawa ce ko taki da za ki yarda? Ranar suna kina gefen murhu ana kirana ɓarauniya. Kin ji ko ba ki ji ba? Kalma ɗaya ta ishe ni a ranar. Kika duƙa kina juya tuwo."

Dija ta rufe fuska da mayafi.

Maigari ya gyara rawani, ya ce, "Habi, ke aka yi wa. Mi kike so?"

Wani dattijo ya sa baki, ya ce a duba a yanka mata wani kaso daga cinikin, kowa ya huta. Ta juya ta ce masa, "Malam, ka ji na ce sayarwa nake?" 

Ta ce a cire ta, yanzu, a gabanta. Zaharaddini ya fito da waya yana latse-latse, gumi na ɗiga a kan gilashin. Ya miƙa mata. Ba ta iya karatu ba, amma ta san fuskarta, ta kuma ga babu ita, sai tire da dakuwa a jere. Ta miƙa wa Hamdiya, wadda ke raɓe cikin mata tun ɗazu kamar ita ta yi laifin, ta ce ta duba ko sunanta ya saura a rubutun. Ya saura wuri biyu. Aka goge. Ta ce takardun da ke gidan Dija a kawo a ƙona a nan. Aka aika aka kawo, dami guda, aka cinna musu ashana a gefen rumfa.

"Ledojin da suka riga suka tafi fa?" in ji Habi.

"Goggo, waɗannan ba ni da iko da su. Mutane ma sun tura wa juna hoton. Ba ya dawowa."

Ta jinjina kai. Sannan ta juya wajen maigari.

"Saura ɗaya, Allah ya ba ka nasara. Gidajen da na shiga da kayan mutane a kaina, ya shiga da ƙafarsa. Ya tsaya a tsakar gida ya ce shi ya zaɓi dakuwa, shi ya watsar da nasu, ban sani ba, ban ci komai ba. Ina bayansa ina ji."

"Ai duk suna nan, sun ji," in ji Labo.

"Ni ma da na mayar da kaya ba a rumfa na tara su ba."

Maigari ya ce haka za a yi.

Aka ga abin da ba a saba gani ba a Gangara ran kasuwa: mutum da shadda mai sitati yana gaba, tsohuwa mai warin daddawa tana biye, mata sun riga su komawa gida don a same su. A gidan Saliha ya yi maganar a gurguje, Habi ta ce bai fito ba, ya sake. Saliha ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Yaya Habi, mun yi miki zato." Habi ta ce, "Kun yi," ta juya. A gidan Suwaiba aka kawo mata ruwa, ta sha, ta ajiye kofin ba ta zauna ba. Haka suka bi masu mai, suka bi masu kuka, har la'asar ta yi sanyi, muryarsa ta dushe.

Suka shigo layinsu. Ƙofar Dija a buɗe take, ita Dija tana tsaye daga ciki da mayafi a hannu, ta fito da tabarma ta shimfiɗa a zaure. Zaharaddini ya rage tafiya, ya waiwayo.

"Goggo, nan fa?"

"Wuce," in ji Habi.